Injin Walda Na Farko: Ka Tambayi Mitarka Kafin Ka Tambayi Mai Shago

A 'yan shekarun nan wata haja ta cika kasuwanninmu na kan iyaka, wadda a da sai a manyan shagunan Lome ake ganinta, wato ƙaramin injin walda mai kama da jakar hannu, wanda ko yaro zai iya ratayawa a kafaɗa. Daga Sinkase zuwa Dapaong, har ka gangaro Kara da Sokode, da wuya ka shiga shagon masu kayan gini da kayan wuta ba ka tarar da shi jere cikin kwalaye masu launi ba, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro: 200, 250, 300, wani ma har 400. Galibinsu ƙirar ƙasar Sin ne. Wasu ta tashar jiragen ruwa ta Lome suke shigowa, wasu kuma 'yan uwanmu ne ke ɗauko su daga Gana ko Najeriya, musamman tun daga shekarar 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan Najeriya suka yi wa mai sefa sauƙi.

Abin lura shi ne ba masu sana'ar walda kaɗai ke sayen waɗannan injuna ba. Yawancin masu aiko mana da tambaya a gidan rediyo kan wannan batu 'yan kasuwa ne da direbobi da malaman makaranta, mutanen da ke da abin yinsu, sai dai suna sha'awar su iya liƙa ƙafar tebur ko maratayar ƙofar shago da hannunsu ranar da ba kasuwa. A gari irin Adjengré, da ke kan babbar hanya ta ɗaya tsakanin Sotouboua da Sokode, dalilin a bayyane yake. Gari ne na manoma da masu sarin doya da masara, kuma aikin ƙarfe ba ya ƙarewa: amalanke ya karye, ƙofar sito ta saki, rumfar kasuwa na neman sabon ginshiƙi. Da zarar kaka ta yi, aiki kan yi wa masu walda yawa, sai gyaran minti 10 ya kwana uku yana jiran layi. Don haka tambayar tasu guda ce: wane inji zan saya, kuma a wurin wa zan koya?

Da can wannan tambaya ba ta ma tasowa. A ƙasar Hausa ƙira sana'ar gado ce, tana da gidajenta da Sarkin Maƙeranta, ɗan falke ba ya tashi rana tsaka ya ce zai riƙe awartaki. Nan ƙasar ma ƙarfe yana da masu shi. Mutanen Bassar, arewa maso yamma da Sokode, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna narka tama, har yau ana ganin kufan matoyarsu a wajajen Bandjeli, kuma fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro ta ƙasarsu suke ratsawa. Walda kuwa sana'ar haye ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, shi ne ya fito da sandar walda mai rufin gari a jikinta, irin wadda ake kira baguette a shagunan Sokode, kuma tun daga nan haɗa ƙarfe da ƙarfe ya zama aikin duk wanda ke da wutar lantarki da haƙurin koyo.

Wutar gidanka nawa ce?

To, a nan maganar take, wato wutar. Mai saye kan fara da tambayar mai shago wane inji ya fi ƙarfi, alhali amsar da yake buƙata tana manne a bangon gidansa. A jikin makatsin wutar da ke kusa da mita, ko a takardarka ta kamfanin wutar lantarki na ƙasa, CEET, an rubuta adadin amfiyar da aka ware wa gidanka. Gidaje da shaguna da yawa amfiya 5 ko 10 gare su, domin fitila da fanka da talabijin aka yi lissafi a kansu. Wutarmu bolt 220 ce, saboda haka mai amfiya 5 yana da wat 1,100 ke nan, mai amfiya 10 kuma wat 2,200. Da ya wuce haka makatsi zai faɗi, gida ya yi duhu.

Yanzu mu dubi abin da walda ke ci. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake koya wa yara a makarantun fasaha na ƙasashen Faransanci: ka cire 1 daga kaurin sanda, ka ninka abin da ya rage sau 50. Sanda mai kaurin milimita 2.5 tana son amfiya 75, mai 3.2 kuma amfiya 110. Waɗannan amfiyoyi na bakin sanda ne, inda wutar ba ta wuce bolt 23 zuwa 25 ba, ba irin na bango ba ne. Idan aka mayar da lissafin bango, sanda 2.5 na jan fiye da wat 2,000, sanda 3.2 kuma fiye da wat 3,000. Ma'ana mai mitar amfiya 5 ya manta da zancen walda a gidansa. Mai amfiya 10 zai iya ɗan taɓa ƙananan ayyuka da siririyar sanda, in ya kashe firij da dutsen guga, amma zai yi ta zarya wurin makatsi. Wanda ke son ya yi aiki hankali kwance sai ya nemi a ƙara masa zuwa amfiya 20, ya sa mai gyaran wuta ya ja masa layi na musamman da waya mai kauri, aƙalla lamba 2.5, daga mita zuwa inda zai riƙa aiki. Wannan kuɗin yana cikin kuɗin inji, ko da mai shago bai faɗa maka ba.

Kuɗin wutar da za a sha ba shi ne abin tsoro ba, domin mai koyo da wuya ya haɗa cikakkiyar awa guda sanda na ci a yini. Abin tsoro shi ne dabarar da wasu ke yi idan mita ta gaza, su tsallake ta su ɗauko wuta ta baya, ko su jona a wayar maƙwabci irin mai kama da saƙar gizo. Ban da tarar kamfani, siririyar waya kan yi zafi a cikin rufi ba wanda ya gani. Ɗan kasuwar da ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwannin Kara da Lome a watan Janairun 2013 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba walda aka ɗora wa laifin waccan gobara ba, amma toka iri ɗaya ce.

Masu tunanin janareta kuma, ƙaramin nan na kunna fitila da cajin waya ba zai ko tayar da sanda ba. Ana buƙatar mai ƙarfin kVA 5 zuwa 6, wanda ke da na'urar daidaita wuta, in ba haka ba hawa da saukar wutarsa na iya ƙona ƙaramin injin zamani.

Mai koyil ko inbata?

Injunan sanda iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai na dauri, wato taransifoma mai nauyi, wanda masu naɗin koyil ke haɗawa da hannu, wani a cikin tankin mai, irin waɗanda suka cika Suame Magazine ta Kumasi da Panteka ta Kaduna. Wannan jaki ne. Ba ya tsoron ƙura, ba ya tsoron zafi, idan ya ƙone mai naɗin koyil zai farfaɗo da shi. Amma yana da ci, da ka taɓa sanda fitilun unguwa za su lumshe, kuma idan wuta ta yi rauni, kamar yadda takan yi da magariba a ƙarshen layi, sanda sai ta yi ta mannewa. Ƙasarmu har yanzu tana sayen wani kaso na wutarta daga Gana da Najeriya, duk da tashar hasken rana ta Blitta da aka buɗe a 2021, kuma ba mu manta da ɗauke-ɗauken wutar 2024 ba. Wanda zai saye shi kuma ya bincika ko da jan ƙarfe aka naɗa shi ko da alminiyom, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kwanansu ma ba ɗaya ba.

Na biyun shi ne ƙaramin da muka fara magana a kansa, wanda ake kira inbata. Nauyinsa kilo 3 zuwa 6, cinsa bai kai na taransifoma ba, yana jure raunin wuta, kuma tayar da sanda da shi ya fi sauƙi ƙwarai ga sabon hannu. Rauninsa a cikinsa yake: allo ne irin na rediyo da talabijin, ga fanka tana zuƙo masa iska. Ƙurar hunturu da garin ƙarfen gurza idan suka taru a kan allon, wata rana sai ka ji tas, shi ke nan. Gyaransa sai mai gyaran kayan lantarki da ke da kayan canji, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Duk da haka, a ganina, ga mutumin da zai yi walda sau biyu ko uku a mako a tsakar gidansa, inbata mai amfiya 140 zuwa 160 na gaskiya ya ishe shi har ya yi saura. Taransifoma na mai shagon da ke aiki daga safe zuwa yamma ne.

Akwai kuma injuna masu aiki da naɗin waya da tukunyar iskar gas, waɗanda matasa ke gani a waya suna sha'awa saboda kyan ɗinkinsu. Neman iskar a nan arewa wahala ne, kuma aikinsu ba ya son iskar waje, alhali mu a fili muke walda. A bar su sai hannu ya faɗa.

Na ce amfiya 160 "na gaskiya" ne da gangan. Waɗancan lambobi na jikin kwali, 300 da 400, ɗan kasuwa zai iya tona asirinsu da lissafin da yake yi kullum. Injin da zai ba da amfiya 300 a bakin sanda sai ya fitar da wat 9,600, wanda ke nufin zai ja fiye da amfiya 40 daga bango. Soket ɗin gida kuwa iyakarsa amfiya 16. To ta yaya inji mai siririyar igiya da kan soket na gida zai yi wannan aiki? Da yawansu idan aka auna ba sa wuce amfiya 120 zuwa 140, ko da allon gabansu na nuna 300. Wannan ƙarfin ma ya isa aikin gida, amma bai kamata ka biya kuɗin doki a ba ka jaki ba.

Ka juya injin ka duba ƙaramin allon bayanin da ke baya ko ƙasansa. Inda aka rubuta harafin X za ka ga kashi 35, ko 60, ko 100 cikin ɗari, kowanne da adadin amfiya a ƙarƙashinsa. Wannan na nufin mintuna nawa cikin 10 injin zai yi aiki kafin ya nemi hutu: kashi 60 a amfiya 120 na nufin aikin minti 6, hutun minti 4. Ƙa'idar duniya ita ce a yi wannan awo a zafin digiri 40, kuma mutumin Dapaong ya san cewa a watan Maris da Afrilu wannan ba zafin gwaji ba ne, zafin azahar ne. Injin da ba shi da wannan allo sam, ko aka auna shi a digiri 20, ka san da wanda kake ciniki. Sannan ka kankare bakin igiyar walda da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai riƙa zafi yana cinye maka wuta. Mafi alheri duka shi ne ka tafi da mai walda, a jona injin a gabanka, ya ƙona sanda 3.2 guda biyu ko uku a jere. Mai shagon da ya ƙi gwaji yana son ka yi cinikin biri a sama ne.

Ga masu sayowa a ƙetaren iyaka akwai ƙarin abubuwa biyu. Kayan da aka yi wa kasuwar Gana da Najeriya sukan zo da kan soket irin na Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa, da fis na amfiya 13 a ciki, alhali namu na Faransa ne mai zagayayyun ƙafafu. Kada a haɗa su da ɗan adaftan roba na cajin waya, narkewa zai yi, a sa mai gyaran wuta ya canza kan gaba ɗaya. Haka kuma a cikin injunan gwanjo akwai na Amurka masu bolt 110, da manyan na masana'antu masu layi uku, bolt 380, waɗanda wutar gida ba ta tayar da su. Kuma duk arahar da aka samu a Kano ko Kumasi, a tuna cewa injin da ya mutu bayan mako biyu ba mai komawa da shi can.

Ido ba shi da gwanjo

Wanda ya kashe duk kuɗinsa a inji ya bar garkuwar fuska bai gama sayayya ba. Hasken walda na ƙona fatar ido kamar yadda rana ke ƙona fata, kuma ba nan take ake ji ba, sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, mutum ya farka kamar an cika masa ido da yashi. Baƙin tabarau na kasuwa da muke ganin yaran shago na sawa ba ya tare wannan haske yadda ake buƙata, kuma ya bar fuska a buɗe. Gilashin walda lamba gare shi, kuma ga irin wannan aiki lamba 10 ko 11 ake so. Akwai garkuwa mai duhunta kanta da zarar wuta ta tashi, tana taimakon mai koyo sosai saboda yana ganin inda zai sa sanda, amma a gwada ta kafin a biya. Idan ciwon ya kama mutum yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗiga madara ko ruwan tumatir da ake yi ba magani ba ne, hanyar sa wa ido ƙwayar cuta ce. In ya wuce kwana biyu, ko ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, asibiti kai tsaye. A kuma kori yara, domin su ne ke zagaye mai walda suna ƙura wa wutar ido.

Sauran kayan su ne safar hannu ta fata, takalmi rufaffe, guduma mai tsini ta ɓare ɓawon walda, burushin ƙarfe, da injin yanka da gurza tare da farin gilashinsa. Wannan injin gurzar, wanda mutane ke rainawa, ya fi injin waldar kansa yawan kai mutane asibiti, musamman idan aka cire masa murfin kariya. Tufafi kuma na auduga, ɗamammu. Babbar riga da jallabiya da yadin roba a rataye su a ɗaki, haka ma silifa. Da damina kada a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin tsakanin awartakin sanda da maƙalar ƙasa akwai bolt 50 zuwa 80 ko ba a fara aiki ba, kuma jiƙaƙƙen jiki ba ya tare wuta.

Sanda kuwa, ka nemi mai lamba 6013, kauri 2.5, ita ce ta koyo kuma ita ce ta yawancin aikin ƙofa da taga. Ka ajiye ta a busasshen wuri, don sandar da ta sha raɓa tofi kawai take yi.

Zuwa wurin maigida

Hanyar da aka sani ta koyon sana'a a Togo ita ce a kai yaro wurin maigida da yarjejeniya a rubuce, ya yi shekara uku ko fiye, ya zauna jarrabawar kammala koyo ta CFA, a yi masa bikin yaye. Akwai kuma makarantun gwamnati irin su makarantar fasaha ta Sokode, wato Lycée Technique, da cibiyar koyon sana'a ta CRETFP a Dapaong. Magidanci mai shago a kasuwa ba shi da wannan lokaci, kuma ba takarda yake nema ba. Abin da ya dace da shi shi ne ya sami mai walda na unguwarsu, ya je da goronsa, ya faɗa masa gaskiya cewa gyaran gida yake son koya, ba kasuwarsa zai raba ba, su yi tsada a kan 'yan awoyi a mako, ya riƙa zuwa da sandunansa. Ko da ɗan cikinka ne a shekaru, a cikin shagonsa maigida za ka kira shi. Bidiyon waya na da amfani, amma ba ya riƙe maka wuyan hannu ya ce ka yi nisa, sauko.

Koyon kansa daga guntayen ƙarfe masu kauri ake fara shi, milimita 5 ko 6, a kwance a kan tebur, ba tare da an haɗa komai da komai ba. Ana ƙyasta sanda kamar ashana, a ɗaga ta kaɗan, tazarar da ba ta wuce kaurin sandar ba, a ɗan karkata ta, a riƙa janta a hankali ana sauko da hannu yayin da take cinyewa. Kunne ma yana koyo: idan wutar ta daidaita ƙararta kamar suyar ƙosai ce, ba yankewa. In sanda na mannewa wuta ta yi kaɗan, in tana fantsama tana cin gefen ƙarfe ta yi yawa. Kwali guda na sanda zai ƙare a irin wannan layi-layi kafin a fara haɗa biyu. Ranar da ka haɗa, ka sa guduma ka karya abin da ka liƙa. Sau da yawa za ka tarar abin da ya yi kyau a sama ɓawo ne kawai, irin kashin maƙera, ƙarfen bai narke ya shiga ɗan uwansa ba.

Abin da zai fi ba ka haushi shi ne siririn bututun da ake teburi da ƙofofi da shi yanzu, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Da ka daɗe a wuri guda ya huje. Wannan sai sanda lamba 2, wuta ƙasa-ƙasa, ana ɗiga-ɗiga ana ɗagawa. Kuma kowane aiki a fara ɗaure kusurwoyinsa da ɗigo, a auna, sannan a bi da ɗinki, don zafi na jan ƙarfe, ƙofar da ka yanka daidai sai ta fito a karkace. Bututu mai farin shafi na tutiya hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki, a gurje shafin kafin a fara, a yi aikin a fili. Shan madara bayan aiki ba ya wanke hayaƙin daga huhu. Tukunyar alminiyom da gangar jikin injin niƙa, wadda ƙarfen zubi ce, sanda 6013 ba ta riƙe su, kada ka ɓata wa maƙwabciya kayanta.

Akwai kuma ayyukan da mai walda don sha'awa bai kamata ya karɓa ba ko an roƙe shi: ƙashin babur, maƙalar tirela, ƙafar keken ɗaukar kaya mai taya uku, ƙarfen da zai ɗauki rufi ko tankin ruwa a sama. Teburin da ya saki tumatir zai zubar, waɗannan kuwa mutum za su kayar. Na gaba da su duka shi ne duro ko tanki ko jarkar ƙarfe da ta taɓa ɗaukar fetur, kuma mu mutanen kan iyaka mun fi kowa yawan irin waɗannan a bayan gida. Duron da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin man da ya rage ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Ɗauraye shi da ruwa ba ya raba shi da wannan tururi, shekara guda a rana ma ba tabbas ba ne. Mai son yin murhun gasa nama ko mazubin ruwa da rabin duro ya sayi wanda aka riga aka buɗe, ko ya sayi falle ya naɗa.